Farar riga da baƙin bajo: wa ke cin ribar tafiyar 'yan mishan ɗin Mormon?

Duk ɗan kasuwar da aka miƙa wa wannan lissafi zai ce a rufe shago. Cocin da aka fi sani da Mormon yana da samari da 'yan mata sama da dubu 70 da ke yawon wa'azi a ƙasashen duniya, ba su da wata sana'a sai ita, daga safe har dare. Mutanen da suke shigarwa cocin kuwa, bisa alƙaluman da cocin da kansa yake fitarwa kowane watan Afrilu, sun kai dubu 250 zuwa dubu 300 da 'yan kai a shekara a 2023 da 2024. In ka raba, kowane mai wa'azi ya samu mutum 4 ke nan a shekara guda, wani lokacin ma bai kai ba. Yaron da aka tura Filifin ko Kwango zai iya ninka hakan sau da yawa, wanda aka tura Jamus ko Japan kuwa sai ya cinye shekara biyunsa bai tsoma ko mutum ɗaya a ruwan baftisma ba. Duk da haka cocin bai rage ba, ƙarawa ma yake yi. A watan Oktoban 2012 shugabansa na lokacin, Thomas S. Monson, ya sauke shekarun tafiya, maza daga 19 zuwa 18, mata daga 21 zuwa 19, cikin shekara biyu adadin masu fita ya tashi daga ƙasa da dubu 60 ya haura dubu 80. Da walakin goro a miya.

Abin da nake gani shi ne, babban wanda ake farauta a wannan tafiya shi ne yaron da aka aika, baƙon da ya buɗe masa ƙofa ƙari ne kawai. Su kansu 'yan cocin ba sa ɓoye hakan, za ka ji suna cewa mutum na farko da mai wa'azi zai fara jawowa shi ne kansa. Idan kuwa haka ne, to tambayar da ta dace ta canza. Ba sai mun tsaya muhawara kan ko wa'azinsu yana shiga ba. Sai mu duba abin da ake yi wa ɗan shekara 18 a cikin waɗannan watanni 24, da wanda yake biyan kuɗin wannan tarbiyya.

Aƙidarsu ba tawa ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York a 1830, shekarar da ya buga Littafin Mormon, wanda ya ce ya fassaro daga wasu alluna na zinariya da mala'ika ya nuna masa. An kashe shi a kurkuku a 1844, Brigham Young ya ja ragowar mabiya zuwa kwarin Salt Lake a 1847, inda hedikwatarsu take har yau a jihar Yuta. Suna ɗaukar shugabansu annabi ne mai rai, da manzanni 12 a ƙarƙashinsa. Kiristoci da yawa ba sa lissafa su a cikinsu, Fadar Vatikan ma ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba ta karɓu a wurinta ba. Su kuwa sun nace su mabiya Yesu Almasihu ne, kuma tun 2018 suka roƙi a daina kiransu Mormon, sai dai sunan ya riga ya bi su. Wa'azin ƙetare ba sabon abu ba ne a gare su, tun 1837 suka sauka Ingila.

Tafiyar tana farawa ne da cike takardu. Likita ya duba yaro, likitan haƙori ya duba, shugaban cocin unguwarsu ya zaunar da shi ya tambaye shi kan imaninsa da kamun kansa. Daga nan takardun su wuce Salt Lake, inda ɗaya daga cikin manzannin 12 yake duba hoton kowane yaro ya yanke inda za a kai shi. Yaron ba ya zaɓe. Ranar da amsa ta iso, da a ambulan, yanzu a waya, dangi da abokai sukan cika falo, a manna taswirar duniya a bango, kowa ya soka alama inda yake zato. Yaro ya miƙe yana karantawa layi-layi, muryarsa na rawa, har ya kai ga sunan garin, ɗaki ya kaure da ihu, uwa ta rushe da kuka, wani ƙane ya ruga ya nemo inda ƙasar take a taswira. Wanda ya yi bautar ƙasa a Najeriya ya san irin bugun zuciyar ranar ganin jihar da aka tura mutum. Bambancin shi ne ɗan bautar ƙasa ana ba shi alawus, wannan kuwa shi ne yake biya. A Amurka iyali suna zuba ɗaruruwan daloli kowane wata cikin asusu guda, kuɗin daidai yake ko Landan aka kai ɗanka ko Bolibiya, sai cocin ya rarraba gwargwadon tsadar kowane wuri. Akwai yaran da tun suna makarantar sakandare suke yankan ciyawa a gidajen mutane suna tarawa.

Sai cibiyar horo. Mafi girma tana garin Provo a Yuta, inda ake koyar da harsuna fiye da 50. Akwai wasu a Birazil da Meziko da Filifin da Ingila, akwai kuma ta Gana, wadda aka buɗe a Tema a 2002 kafin a mayar da ita Akara a 2017. Mai wa'azi da harshensa ba ya wuce mako biyu ko uku, mai koyon harshe irin na Koriya ko Sin yakan kai mako tara. Mako tara ba ya ba mutum harshe, kowa ya sani. Abin da yake ba shi shi ne ƙarfin halin buɗe baki ya yi kuskure a gaban jama'a, sauran sai titi ya koya masa.

Titin ne ya fi jan hankalina, don a nan rayuwar take. Da ƙarfe 6:30 na safe agogo ya kaɗa a ɗakin da gado biyu ne kawai a ciki, da tebur biyu, da taswirar unguwa a bango. Su durƙusa su yi addu'a, su motsa jiki, su yi wanka, a goge farar riga, a ɗaura laktaye, a maƙala baƙin bajo a aljihun ƙirji. A kan bajon akwai laƙabin Elda ko Sista, sai sunan gidansu, sai sunan cocin. Sunan yanka an ajiye shi a gida, shekara biyu ba mai kiransa da shi, har abokin ɗakinsa. Su zauna karatun littattafansu, kowa shi kaɗai, sannan tare, sannan darasin harshe. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun fita, a ƙafa ko a keke ko a motar haya, ba za su dawo ba sai wajen ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 10:30 a kashe fitila. Tun 2017 aka ba shugabannin yankuna damar ɗan matsar da waɗannan lokuta gaba ko baya don su dace da al'adar ƙasa, amma ƙashin bayan tsarin yana nan yadda yake.

Ba talabijin, ba sinima, ba waƙar da ba ta ibada ba, ba iyo, ba zance da budurwa, ba runguma tsakanin jinsi da jinsi sai dai musabaha. Giya da taba da kofi da ganyen shayi haramun ne dama ga duk ɗan cocin, ba mai wa'azi kaɗai ba. Wannan na shayin ne na tabbata zai fi wahalar sayarwa a teburin mai shayi. Yini guda a mako, galibi Litinin, ake ba su don wanki da cefane da aski da rubuta wa gida, shi ma zuwa yamma an koma aiki. Yanzu da yawansu suna riƙe da wayar zamani, suna neman mutane ta Facebook, amma waya ce mai takunkumi, abokin tafiya kuma yana da damar leƙa abin da ke cikinta.

Abokin tafiyar nan shi ne ginshiƙin komai. Doka ta ce kowannensu ya kasance inda ɗan'uwansa zai gan shi kuma ya ji shi, dare da rana, in ban da banɗaki. Ba kai ka zaɓe shi ba. Yana iya zama mai minshari, ko malalaci, ko mai tsananin da zai kai ƙararka don ka makara minti biyar. Duk mako shida ake sake rabo, a bar ku tare ko a raba ku, kamar yadda shugaban yankin ya ga dama. Shi kuma shugaban dattijo ne da aka ɗauko shi da matarsa daga harkokinsu na shekara uku, ya zama uba da alƙali ga yara ɗari da wani abu. Zo mu zauna zo mu saɓa, amma a nan ba inda za ka gudu in an saɓa. Dole ka kwana ɗaki ɗaya da wanda ya ɓata maka rai, da safe ku durƙusa tare, da rana ku tsaya kafaɗa da kafaɗa kuna yi wa baƙo maganar ƙauna. Waɗanda suka dawo sukan ce a nan suka koyi zaman aure tun kafin su yi shi, ni kuwa ban ga dalilin ƙaryata su ba.

To, me wannan yake yi wa imanin yaro? Ka ɗauke shi daga uwa da abokai da ƙwallo da duk abin da ya saba, ka ajiye shi inda ba ya jin harshe sosai, ka ba shi aiki guda, ya tare mutane ya gaya musu abin da ya gaskata. Wa'azinsu ba na jayayya da hujjoji ba ne. Abin da suke roƙon mutum shi ne ya karanta Littafin Mormon, ya roƙi Allah ya nuna masa ko gaskiya ne, ya saurari zuciyarsa. Sai mai wa'azin ya rufe da abin da suke kira shaida: na sani wannan gaskiya ne. Sau nawa zai faɗi hakan a yini? Sau nawa a shekara biyu? Ɗaya daga cikin manzanninsu, Boyd K. Packer, ya taɓa gaya wa masu kula da 'yan mishan cewa a cikin furta shaidar ake samun ta. Mai imani zai ji wannan ya ce haka Allah yake saka wa wanda ya yi ƙarfin hali. Mai nazarin halayyar ɗan Adam zai ce duk abin da ka maimaita a bainar jama'a sau dubu, ka kuma sha wuya a kansa, da ƙyar ka iya juya masa baya. Ko wanne ne daidai, sakamakon ɗaya ne.

Korar da ake yi musu ma ba asara ba ce ga tsarin. Ƙofa ɗari ta rufu a fuskarka a wata unguwa ta Faransa, kare ya biyo ka, yara su yi maka ature, ruwa ya jiƙa ka, ka koma ɗaki ba wanda ya san zafin sai abokin tafiyarka da Ubangijin da kake roƙo. Duniya ta ƙi ka, coci ya karɓe ka. Da wuya a samu abin da yake ɗaure mutum da jama'arsa kamar wannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da aka zaɓa su ne daidai waɗanda samarin Turai da Amurka suka fi sulalewa daga addinin iyayensu. Sauke shekarun zuwa 18 ya toshe 'yar tazarar da ke tsakanin gama sakandare da tafiya, wadda a cikinta jami'a ko aiki ko soyayya za su iya ɗauke hankalin yaro.

Ba zan hana su yabonsu ba. Ana tura yaro nesa, amma ba a jefar da shi. An san ɗakin da yake kwana, an san abin da zai ci, akwai mai duba lafiyarsa, duk mako yana rubuta wa shugabansa wasiƙa. Da annobar korona ta ɓarke a watan Maris na 2020, cikin 'yan makonni cocin ya kwashe dubun dubatar yara ya mayar da su ƙasashensu. Abin da suke dawowa da shi kuma ba kaɗan ba ne. Mitt Romney, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, a Faransa ya yi nasa a ƙarshen shekarun 1960. Jon Huntsman ya koyi harshen Sin yana wa'azi a Taiwan, daga baya ya zama jakadan Amurka a Sin. David Neeleman ya yi nasa a Birazil, ya zo ya kafa kamfanonin jiragen sama na JetBlue da Azul. Wanda ya saba jin a'a sau hamsin kafin azahar bai karaya ba, kasuwa ba za ta ba shi tsoro ba.

Amma akwai masu biya, kuma na farkonsu shi ne yaron da bai so zuwa ba. A takarda aikin sa kai ne. A aikace, tun shekarun 1970 shugabannin cocin suke nanata cewa wajibi ne a kan duk saurayi mai lafiya da ya cancanta, ga mata ne kawai aka bar shi zaɓi. Ka yi tunanin ɗan shekara 18 a ƙaramin gari a Yuta ko Aidaho, ubansa ya je, yayyensa sun je, tun yana ƙarami ake rera masa waƙar ranar da zai je, 'yan matan garin kuma an tarbiyyantar da su su fi son auren wanda ya je ya dawo. Ta wane baki zai ce a'a? Ni ban kira wannan zaɓi ba. Wanda ya fi shi shan wuya shi ne wanda ya je ya kasa ƙarasawa, ko don ciwo, ko don damuwar da ta hana shi barci, ko don ya karya doka. Zai shiga coci ranar Lahadi watanni kafin lokacin da ake sa ransa, ba wanda zai tambaye shi dalili, kowa kuma yana lissafi a ransa. Wasu daga wannan Lahadin ba sa sake komawa.

Cocin ya ga wannan, shi ya sa ya fara sassautawa. Har zuwa watan Fabrairun 2019, sau biyu kacal a shekara ake barin mai wa'azi ya kira gida, ranar Kirsimeti da ranar tunawa da uwaye mata, sauran duk wasiƙa ce. Yanzu yana iya kira ko ya ga fuskar uwarsa ta waya kowane mako. A shekarar ne kuma aka faɗaɗa tsarin da ke barin wanda lafiyarsa ba za ta ɗauki tafiya ba ya yi hidima yana kwana a gidansu. Gyara ne mai kyau. Sai dai mutum yakan tambayi kansa yara nawa ne suka haɗiye kewar gida shekara da shekaru ana gaya musu raunin imani ne.

Mai biya na biyu shi ne baƙon da ya buɗe ƙofa. Aikin yana tafiya ne da ƙidaya: mutum nawa aka samu, nawa suka zo coci, nawa aka sa wa ranar baftisma. Duk mako alƙaluman suna hawa daga yara biyu zuwa shugaban rukuni, zuwa na shiyya, zuwa ofishin shugaban yanki. Inda aka ɗora wa yaro ƙidaya kuwa, zai nemo ta ko ta halin ƙaƙa. A Birtaniya a farkon shekarun 1960 an yi abin kunyar da cocin bai manta ba, inda aka riƙa jawo yara da wasan ƙwallon sanda na Amurkawa ana yi musu baftisma, wasu iyayensu ma ba su san me ake ciki ba. An daina irin wannan, amma tazarar ba ta rufe ba. A ƙidayar jama'ar Meziko ta 2010, mutum wajen dubu 315 ne suka ce su 'yan cocin ne, a lokacin da rajistar cocin take nuna sama da miliyan ɗaya. Ina sauran? An koyar da su cikin 'yan makonni, an tsoma su, yaran da suka saba da su an ɗauke su zuwa wani gari, suka waiwaya ba su san kowa ba.

A yankinmu abin yana da wata fuska da yaron Yuta ba ya saurin ganewa. A Kumasi ko Kef Kos ba a cika rufe wa baƙo ƙofa ba. Za a jawo musu benci a inuwa, a kawo ruwa, a saurare su har su gama, a karɓi littafi da hannu biyu. In suka ce za ka zo coci ranar Lahadi, sai a ce to, in Allah ya kai mu. Su rubuta a littafinsu cewa an samu alkawari. Ranar Lahadi su tsaya a bakin ƙofar coci cikin rana, rigunansu sun sha guga, suna leƙen hanya, suna duba agogo, har a fara waƙar buɗewa ba wanda ya ɓullo. Mai gidan bai yi ƙarya ba a ganinsa, kara ya yi wa baƙi. Yaron kuma ya koma yana tuhumar kansa ko addu'arsa ce ba ta isa ba.

Tarihin cocin a Afirka ta Yamma shi kansa yana da abin faɗa kan ƙwanƙwasa ƙofa. Har zuwa watan Yunin 1978 baƙar fata ba ya riƙe matsayin firist, wato limancin coci, a cikinsa, ba ya kuma shiga manyan ibadun haikali. Yunƙurin turo 'yan mishan Najeriya a shekarun 1960 ya rushe, gwamnati ta ƙi ba da biza bayan labarin wannan wariya ya fito. Duk da haka wasu mutane suka samu littattafan da kansu, suka kafa majami'u ba tare da mai wa'azi ko ɗaya ba. Joseph William Billy Johnson ya fara tara jama'a a Gana tun 1964. Anthony Obinna, malamin makaranta a Aboh Mbaise ta ƙasar Ibo, ya yi shekaru yana aika wasiƙu Salt Lake ana ce masa ya jira. Sai da shugaban cocin na lokacin, Spencer W. Kimball, ya ɗage haramcin sannan aka turo ma'aurata biyu, aka yi wa Obinna baftisma a watan Nuwamban 1978. Cocin bai fito fili ya yi watsi da bayanan da aka riƙa kare wariyar da su ba sai a 2013. Yau akwai haikali a Akara tun 2004, da wani a Aba tun 2005. Wato tushen da ya fi ƙarfi a nan, waɗanda suka nema da kansu ne suka kafa shi.

Shin a hana su shigowa? Gana ta gwada. A watan Yunin 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da cocin tare da Shaidun Jehobah, ta kori 'yan mishan na waje, ta garƙame majami'u. Mabiya suka koma ibada a ɗakunansu, bayan kimanin shekara ɗaya da rabi aka janye dokar, cocin ya fito da ƙarfinsa. Rasha ta yi tata dokar a 2016, wadda ta hana wa'azi a titi. Ni ba na tare da wannan hanya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba kowa damar yaɗa addininsa, kuma inuwar da take kare su ita take kare mai da'awar da ya shiga ƙauyen da ba Musulmi. Wanda ya tare ka da sallama, in ba ka so, a'a ta wadatar, ba sai da zagi ba. Yaran mutane ne, kuma hatsarin da suke ciki na gaske ne: a watan Fabrairun 2007 an sace huɗu daga cikinsu kusa da Fatakwal, dukkansu 'yan Najeriya, aka sako su bayan 'yan kwanaki.

Wannan ya kawo ni ga wanda aka fi mantawa da shi. In an ce ɗan mishan ɗin Mormon, Bature mai jan kunne ake hangowa a kan keke. Amma mafi yawan masu wa'azinsu a Najeriya 'yan Afirka ne, kuma ɗan Aba da aka tura Gana, ko ɗan Kumasi da aka tura Saliyo ko Laberiya, shi ma a ƙetare yake, shi ma yana fama da baƙon harshe da baƙon tuwo da kewar uwa. Iyayensa ba za su iya biyan abin da na Amurka suke biya ba, sai su ba da abin da ya sawwaƙa, asusun cocin ya cike. Shekara biyu yana ɗaki ɗaya da ɗan Yuta, kuɗin cefanensu ɗaya, gidan sauronsu iri ɗaya, sau da yawa ma shi ne babba, shi yake koya wa Baturen yadda ake wanki da hannu da yadda ake gaida tsofaffi. Ga cocin da ya hana kakansa matsayi, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma ina ganin ɗan Yutan ya fi kowa cin moriyarsa.

Daidaiton yana ƙarewa ne a filin jirgi. Ɗaya zai sauka ya tarar da dangi da alluna da balan-balan, gurbinsa na jami'a yana jiransa, wataƙila a Jami'ar Brigham Young da cocin yake tallafa wa kuɗin karatunta. Ɗayan zai sauka daga motar haya da akwati ɗaya da takalmin da ya cinye, sa'o'insa sun yi gaba da shekara biyu a makaranta ko a wurin koyon sana'a. Cocin ya san da wannan. A 2001 shugabansa Gordon B. Hinckley ya kafa asusun ba irin waɗannan matasa rancen karatu, yanzu kuma akwai karatu ta intanet mai rangwame. Amma rance sunansa rance. Wannan coci ne da mabiyansa suke ba shi kashi 10 cikin 100 na abin da suka samu, wanda a watan Fabrairun 2023 hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 5, shi da kamfanin da ke juya masa dukiya, saboda sun ɓoye girman jarin da ya kai dubban miliyoyin daloli. Mai irin wannan dukiya, in ya karɓi shekara biyu daga ƙuruciyar ɗan talaka a Aba ko Kenema bai biya shi ko sisi ba, kuɗin makarantarsa kyauta ya kamata ya ɗauka.